Huji a Zuciyar Wanzami

Wanzanci na gada. Ubana wanzami ne, kakana ma haka. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka rataya mini zabira. Sama da shekara arba'in ina yawo da ita tsakanin ƙauyukan Kebbe da kasuwar Tambuwal. Aski, kaciya, cire beli, ƙaho. Na ga jinin mutane da yawa, har na ɗauka babu abin da wani zai koya mini a kan jini.

Tun ina yaro ni mai haki ne. In an yi tsere ni ke zuwa ƙarshe. Uwata ta ce haka na zo, ko nono ba na shanyewa sai na saki na huta. An ba ni jiƙe-jiƙe, ubana ya yi mini tsaga uku a ƙirji, aka bar maganar. Na girma, na yi aure, na haifi 'ya'ya. Ina noma kamar kowa, sai dai nakan tsaya a ƙarshen kunya in dafa ƙotar fartanya har numfashi ya dawo. Ba wanda ya kira wannan ciwo. Ni ma ban kira shi ba.

A wurin ƙaho abin ya canza. Mai ƙaho da numfashinsa yake aiki. Ka kafa ƙahon a bayan mutum, ka zuƙe iskar da bakinka ta tsininsa, ka liƙe. In fata ta taso ka cire, ka yi tsaga, ka mayar, ka sake zuƙa. Wata ranar kasuwa a Tambuwal ina yi wa wani mai awon hatsi, ina kan ƙaho na uku, sai na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Ciwon ya gangara hannun hagu, ya hau muƙamuƙi. Gumi ya jiƙa mini riga. Na ƙarasa aikin, don ba a barin mutum da tsaga a buɗe. Na wanke ƙahonnina, na jingina da ginshiƙin rumfa, ban faɗa wa kowa ba.

Bayan kwana huɗu ya dawo. Daga nan ya zama kullum. Tafiya masallaci ta isa ta tayar da shi.

'Yata ta biyu tana aure a Tambuwal, malamar firamare ce. Ita ba ta da kunyar 'yar fari, abin da ke ranta take faɗa mini. Na biya gidanta in sha ruwa, ta ga yadda na tsaya a zaure ina dafe bango. Ba ta tambayi ra'ayina ba. Ta sa mayafi ta tsayar da babur. A asibitin garin aka saurari ƙirjina, aka daɗe ana saurare, aka ce mu wuce Sakkwato.

A can aka shafa mini wani abu mai sanyi a ƙirji, aka yi ta goga wani ɗan ƙarfe, zuciyata ta fito a allo tana motsi. Likitan, wani gajeren mutum mai furfura, ya ce zuciya ɗakuna huɗu ce, akwai bango tsakanin biyun da ke sama, nawa bangon da huji. Jini yana ratsawa ya koma inda ya fito, ɓangaren dama yana aikin mutum biyu, har ya buɗe ya yi girma. Na tambaye shi wa ya huda. Ya ce ba kowa, da shi aka haife ni. Na tuna da tsagar da ubana ya yi mini.

Ya ce amma ba hujin ne ke saukar da ciwo a hannuna ba. Zuciya ita ma tana da jijiyoyin da ke ciyar da ita, kuma yana jin nawa sun toshe. Ganin wannan sai a wani asibiti a Abuja, nan da sati shida. Ya ba ni magani kala biyar. Biyu daga ciki, ya ce, suna tsinka jini don kada ya daskare a wurin da ya toshe. Kada a cire mini haƙori, kada a yanka ni ko'ina. Ya ji sana'ata, saboda haka ya ƙara da cewa har ƙaho. Ya maimaita. 'Yata ta maimaita mini a mota. Na ce na ji.

Na koma gida damina ta kankama. Hanyar Kebbe ta zama taɓo, ta ƙauyenmu kuwa sai a ɗauki babur a tsallake da shi. Ba na zuwa gona, ba na zuwa kasuwa. Matata ke ajiye magungunan, ita ke miƙo mini safe da yamma. Ciwon ya ragu, amma nauyi bai tafi ba. Yana nan tsakanin kafaɗuna, kamar na kwana ɗauke da buhu. Na san wannan nauyin. Dubban mutane sun kawo mini shi, na cire musu mataccen jini, sun tashi suna godiya. Ni kaina kowace shekara kafin noma ana yi mini. A bana ne ba a yi ba. Ina zaune ina kallon ruwan sama, ina lissafa wannan, har na yarda da kaina cewa gajeren likitan zuciya ya sani, amma baya sai mu.

Wanzami ba ya yi wa bayansa ƙaho. Wanda ke yi mini taubashina ne, ɗan ƙanwar ubana. Tare muka koya a hannun ubana, tare aka doke mu. Shi yana ce mini bawansa, ni ina ce masa bawana, shekara hamsin ba wanda ya saki. Na same shi da hantsi a bayan gidansa yana wasa aska.

Ya ce ashe mai hujin zuciya yana fitowa, shi ya ɗauka in na yi tafiya iska za ta tsiyaye. Na ce ya kawo ƙahonninsa in har bai manta yadda ake riƙe su ba. Ya dube ni ya tambaya ko mutanen asibiti ba su hana ba.

Na ce sun ce ba komai.

Ya kafa shida, uku kowane gefe. Hannunsa mai sauƙi ne, ban taɓa faɗa masa ba. Yana zuƙa yana ba ni labarin wata saniya da ta faɗa rijiya. Da ya cire na farko labarin ya tsaya. Jinin ƙaho yakan fito da kauri, baƙi, a dunƙule kamar hanta, ka juye shi a ƙasa ka rufe. Wannan ruwa ne. Ja, tsinkakke, kamar zoɓo. Ya cire sauran. Duk haka. Ya goge, tsagar ta sake cika. Ya sake gogewa. Ina jin ɗumin yana bin ƙashin bayana yana shiga wando.

Ya barbaɗa garin bagaruwa, jini ya tafi da shi. Ya sa toka. Ya danna da tsumma yana tofi. Aka kira azahar muna nan. Ya aika aka kira matata ta bayan gida, ta zo ta ga tabarmar, ta kwance zanenta na sama ta yaga.

A sana'armu akwai abin da kowa ya sani. In ka yi tsaga jini ya ƙi tsayawa, ana cewa wani wanzami ne ya gwada ka, ya ɓata maka hannu. Kuma in labari ya fita, ka gama. Ba uban da zai kawo maka ɗansa kaciya. Taubashina ya durƙusa, ya kama sunan wani wanzami na wani gari da suka taɓa yin sa-in-sa kan askin suna. Ya ce shi ne. Ya ce tun a kasuwa ya ga irin kallon da ya yi wa zabirarsa.

Ni na san ƙwayoyin nan biyu masu tsinka jini ne suka jawo. Tun ƙaho na farko na sani. Na kwanta rub da ciki, na bar shi yana zargin mutumin.

Matata ta ce a nemi babur a kai ni asibitin Kebbe. Na ce a'a. In an gan ni a kan babur da baya a jiƙe, kafin magariba kowa ya ji hannun wa ne. Wannan na faɗa, kuma gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba, a asibiti za a tambayi maganin da nake sha, a gaban taubashina. Suka naɗe ni da zanen tam, suka juya ni rigingine a kan ƙasa mai tauri don nauyina ya danne. Bayan la'asar ya tsaya.

Kwana biyar in na miƙe duniya na juyawa. Cikin idona ya yi fari. Daga ɗaki zuwa bayan gida ƙirjina ke kamawa. Na karɓi ƙwayoyin nan biyu daga hannun matata na zuba su a aljihu, kwana uku ban sha ba. A na huɗu ciwon ya zo ina zaune ba na komai, tsoro ya kama ni, na koma sha. Taubashina kuwa ya rataye zabirarsa. Ya ce wa mutane idonsa ke ciwo. Kullum yana zuwa duba ni, ba ya wasa, ba ya ce mini bawa.

Da lokacin tafiya ya yi ya ce da shi za a je. Maganar kuɗi na bar ta. An sayar da abin da za a sayar, dangi sun yi abin da suka iya. Muka hau babur zuwa Kebbe, muka ɗauki 'yata a Tambuwal, muka wuni a mota.

A Abuja likitar mace ce, Hausarta irin ta rediyo. Ba a sa ni barci ba. Aka zura wata siririyar roba ta jijiyar hannuna, wata ta cinya, ina kwance ina kallon allo. Jijiyoyin zuciyata suka fito kamar saiwar itace. A wuri biyu sun tsuke, kamar an ɗaure da zare. Wannan ko ni na gane. Ta ce sun kuma auna ƙarfin jinin da ke shiga huhu. Hujin ya fi shekara hamsin yana tura wa huhu jini fiye da ƙima. In huhun ya riga ya taurare, hujin ya zama mafita, rufe shi kisa ne, sai a bar ni da shi. Sai sun zauna da masu tiyata sun duba. Kwana biyu muka jira. Ban iya cin abinci ba. Ina jin kowane bugu, ina jiran wanda ba zai zo ba.

A rana ta uku ta kira mu, ni da 'yata. Ta ce huhun ya wahala amma bai wuce gyara ba. Ta ɗauki takarda ta zana.

Hanya biyu ce. Ta farko, a koma ta hannun nan, a buɗe wuraren da suka tsuke, a sa wata 'yar ragar ƙarfe da ba ta fi tsinken ashana ba ta tokare su. Kwana biyu in tafi gida. Amma hujin zai zauna, don nawa babba ne kuma ba shi da gefen da abin toshewa zai kama in an bi ta jijiya. Zuciyar dama za ta ci gaba da buɗewa. Kuma ƙwayoyin nan biyu sai na sha su shekara guda, ba fashi ko na rana ɗaya. Ta biyu, a buɗe ƙirji. A ɗauko jijiya a wani wuri a jikina a kewaye wuraren da suka toshe, a ɗinke hujin, duka a zama ɗaya.

Na tambaya ta ina ake shiga. Ta aza yatsa a tsakiyar ƙirjinta ta ja ƙasa. Na sha tsayawa a kan mahauta ranar layya, na san ƙarar da ƙashin nan ke yi. Na tambaya ko zuciyar na motsi za su ɗinka. Ta ce tsayar da ita ake yi, inji ya riƙe aikin, in an gama a tayar. Na ce in ta ƙi tashi fa. Ta ce yana faruwa, ba kasafai ba, amma yana faruwa.

Ta ce su sun fi karkata ga tiyata, amma jikina ne. Sai ta buɗe fayil ta ce abu ɗaya ya dame ta, jinina ya yi ƙasa sosai.

"Baba, ka zubar da jini kwanan nan? Haɓo, ko baƙin bayan gida, ko wani rauni da ya daɗe bai tsaya ba?"

Bayana cike yake da tabon ƙaho na shekaru, sababbin sun ɓace a cikin tsofaffin. 'Yata na kallona.

Na ce, "A'a."

Ta tambaya ko na taɓa fashin maganin. Na ce a'a. Ta ce to ƙofa biyun a buɗe suke, in yi tunani zuwa gobe. Na ce ba sai gobe ba, ta hannu nake so. Ta ce duk da haka sai gobe.

Muka fito muka tarar da taubashina a gindin wata bishiya a harabar asibitin. 'Yata ta zauna tana yi masa bayani tiryan-tiryan, kamar tana aji. Ta zo kan ƙwayoyin. Ta ce masu tsinka jini ne, wanda ke shan su ko ƙaya ce ta soke shi sai jini ya daɗe yana zuba, shi ya sa tun a Sakkwato aka hana ni ƙaho.

Ya tambaye ta tun yaushe nake sha. Ta faɗa masa. Ya ce ta je ta samo masa ruwa. Akwai ruwa a gabansa. Ta dube mu, ta tashi.

Sai da ta yi nisa ya juyo gare ni.

"Wata guda ban taɓa aska ba," in ji shi. "Wurin malam uku na je. Wanzamin nan da na zarga ya gaishe ni a kasuwa, na kau da kai."

"Na sani."

"Ka sani." Ya gyaɗa kai. "Likitar ta sani?"

"A'a."

"Tashi."

Na ce masa in ta ji, fasa ni za su yi kamar rago. Na ce masa kuma in ya shiga, sunansa ne zai shiga takarda, 'yata za ta ji, mijinta zai ji, Tambuwal ta ji.

"Su ji. Kai wanga bawa, ɗiyan mutane nawa ka danne kana ce musu kar su motsa, yanzu anka gama? Yau an zo kanka kana ɓoyo bayan sunana. Tashi, ko in shiga ni kaɗai."

Ya riga ni shiga. Nas ta tare shi, ya ce shi ne ya yanka majinyacin, yana da magana. Wannan ya sa aka bar mu. A gaban likita da 'yata ya ɗaga mini riga, ya nuna wurare shidan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗi lokacin da aka fara da lokacin da ya tsaya, da abin da ya sa a kai. Bai ce na yi masa ƙarya ba. Wannan ni na faɗa. Na ƙara da kwana ukun da ban sha magani ba, tunda an riga an buɗe.

'Yata ta juya fuskarta bango.

Likitar ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye biro ta tambaya daga gidana zuwa asibitin da za a iya ƙara wa mutum jini tafiyar nawa ce. Na ce da rani awa biyu ko uku. Da damina ya danganta da gulbi. Ta tambaya ko har yanzu ina aiki da aska. Na ce ita ce sana'ata. Ta tambaya in nauyin nan ya dawo tsakanin kafaɗuna me zan yi.

Ta ce, "Baba, ranar da za a sa maka ragar ba ta ba ni tsoro. Wata na goma nake tsoro. Kana ƙauye, ruwa ya cinye hanya, jini ya ɓalle, ka ajiye maganin kamar yadda ka yi. Da raga a zuciya, kwana ukun nan sun isa jini ya daskare a kanta. Ba za ka kai Tambuwal ba."

Ta ce ba za ta ɓoye mini hatsarin ɗaya hanyar ba. Hatsarin tiyata a rana ɗaya yake, amma babba ne. Akwai wanda ba ya farkawa, akwai wanda ke farkawa da shanyewar ɓarin jiki, akwai wanda ƙodarsa ke tsayawa. Zuciyata ta dama ta gaji, wannan ya ƙara nawa hatsarin. In na tsallake, maganin tsinka jini ɗaya ne mai sauƙi zai rage, kuma hujin ya tafi. Ta ce har yanzu ni ke da zaɓi. In na nace ta hannu, za ta yi, amma sai na yarda in zauna kusa da asibiti shekara guda in ajiye aska.

'Yata ta kira uwarta a waya, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Na faɗa wa matata hanya biyun. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Malam, ni na wanke tabarmar nan. Ƙwayoyin da ka zuba a aljihu ma ni na tsince su a wanki." Sannan ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ta kashe.

Na zauna a bakin gado har la'asar. Ba jarumta ta kawo ni inda na tsaya ba. Na dai duba kaina. An faɗa mini sau uku kada a yi ƙaho, na je da ƙafata. An ce kada in yi fashi, na yi. An tambaye ni, na yi ƙarya. Hanya ta farko tana buƙatar in zama wani mutum har shekara guda. Ta biyu tana buƙatar in kwanta rana ɗaya kada in motsa, wasu su yi aikinsu. Wannan na san yadda ake yi.

Da safe aka karanta mini takardar amincewa da tiyata, 'yata ta fassara kowane layi. Na dangwala yatsa.

Ba a yi nan take ba. Sai da aka tsayar da ɗaya daga cikin ƙwayoyin aka jira ƙarfinta ya fita, aka ƙara mini jini, aka nemi dalilin da zai sa ya ragu ta wani wuri aka rasa. Kwana goma ina kwance da wayoyi a ƙirji. Su ne mafi muni a rayuwata. Sau biyu ciwon ya zo, nas suka taru a kaina. Sau ɗaya na ce a kira likita, na fasa tiyatar. Kafin ta iso na ce a bar ta. Taubashina yana kwana a baranda, da safe ya shigo ya ce ashe ban mutu ba, shi har ya fara raba gonata. Ranar da aka zo tura ni ya bi gadon har ƙofar da ba a wucewa. Na ce masa in ban fito ba ya yafe mini. Ya ce sai na fito zai yanke shawara.

Na farka da roba a maƙogwaro, hannuwana a ɗaure a gefen gado. Na ɗauka ba a fara ba. Wata nas ta sunkuyo ta ce an gama tun jiya. Daga baya mai tiyatar ya ce sun ɗauki jijiya ɗaya daga cikin ƙirji, ɗaya daga ƙafata, sun kewaye wurare biyun. Hujin sun ɗinke shi da fatar da ke lulluɓe da zuciyar kanta. Ya ce ya fi yadda hoto ya nuna girma. Ya ce da aka zo tayarwa ta ɗan yi gardama. Ban tambayi tsawon gardamar ba.

Da aka cire auduga na duba ɗinkin. A miƙe yake, tazarar daidai. Aikin mai hannu ne.

Aka ce wata uku ba babur, ba hanya mai gargada, ba ɗaukar abin da ya fi buta. Ƙauyenmu ba a shiga sai da babur. Dole na zauna a Tambuwal, a gidan surukina. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, shi ma bai taɓa zama in ina tsaye ba. Ya ba ni ɗakin da ke jikin zaure, ya koma shiga gidansa ta ƙofar baya. In tari ya kama ni ina rungume matashi, ina jin tsayuwarsa a bayan ƙofa, ba ya shigowa, ba ya tafiya. Raunin ƙafa ya fi na ƙirji daɗewa. 'Yata ce ke wanke shi kafin ta tafi makaranta. Sati biyu ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa da lokacin magani.

Shekara biyu ke nan. Ina aski, ina askin suna. Ƙaho da kaciya na bar wa masu numfashi. Mutumin da muka zarga har yau bai san an zarge shi ba, ni kuma ban sami bakin faɗa masa ba.

Duk wata uku ina zuwa Sakkwato a goga mini ƙarfen nan. Ciwon hannu bai dawo ba. Ina zuwa masallaci in dawo ban tsaya ba. Amma gajeren likitan ya ce ɓangaren dama bai koma daidai ba, wataƙila ba zai koma ba, an zo masa a makare. Wani lokaci bugun yana rikicewa, ya yi sauri, ya yi tsalle, ya ɗauke na ɗan lokaci. Ya ƙara mini ƙwaya ɗaya saboda wannan, ya ce in ya daɗe ko na ji jiri in taho ko da ruwa ake. Na tambaye shi shekara nawa gyaran zai kai ni. Ya ce bai sani ba.

Rikicin bugun yakan zo ina tsakiyar aski. In na ji ya ɗauke sai in ɗaga askar daga kan mutum, in tsaya. Wasu suna tambaya ko lafiya. Ina cewa su ɗan jira. Zuwa yanzu zuciyar tana ci gaba.